Coci-cocin Ƙauyukan Denmak: Ginin da Aka Manta da Maginansa

Wajen shekara ta 1200 wani malami a ƙasar Denmak mai suna Saxo ya zauna ya rubuta tarihin mutanensa cikin harshen Latin, littafi 16 cur. Babban limamin ƙasar, Akbishop Absalon, shi ne ya sa shi wannan aiki. Duk ɗalibin adabin Ingilishi ya ɗanɗani Saxo ko da bai sani ba, domin a cikin littattafan nan ne labarin Amleth yake, wato yariman nan da ya yi haukan ƙarya don ya rama kisan ubansa, wanda daga baya Shakespeare ya mayar da shi wasan kwaikwayon Hamlet. Saxo bai bar sarki ba, bai bar jarumi ba, ya kawo yaƙe-yaƙen ruwa da na tudu, ya kuma ambaci wasu manyan majami'u da sarakuna da bishop-bishop suka gina a birane. Amma a daidai lokacin da yake tsoma alƙalaminsa cikin tawada, ana wani gagarumin aiki a ƙauyukan da ke kewaye da shi wanda bai ga ya isa a ɓata masa takarda ba.

Tsakanin wajen 1100 da 1250 an gina coci na dutse kusan 2,000 a daular Denmak ta wancan zamani, wadda ta haɗa da lardunan Skåne da Halland da Blekinge, waɗanda suka koma hannun Suwidin, da kuma kudancin Schleswig da ke cikin Jamus a yau. Fiye da 1,500 daga cikin coci-cocin wannan zamani da Turawa ke kira tsakiyar zamani suna nan tsaye a Denmak, kuma galibinsu har yanzu ana ibada a ciki. Ƙasa ce ta manoma da masunta, ba inji, ba siminti, sai shanu da amalanke da ƙarfin damtse. Wa ya ba da umarni? Wa ya biya? Wa ya sassaƙa duwatsun? Takardun zamanin sun yi gum, in ban da 'yan wurare da ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka masana tarihin ƙasar dole suka koma suna karanta bango kamar yadda mu muke karanta tsohon kundi, kuma abin da suka karanto shi muke so mu bi a wannan maƙala.

Kafin dutse

Addinin Kirista ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofar Denmak kafin a buɗe masa. Wani ɗan mishan mai suna Ansgar ya sami izinin kafa coci a garin Hedeby wajen 850, sannan a Ribe bayan 'yan shekaru, amma jama'a suka ci gaba da bautar allolinsu na gado. Sai wajen 965 Sarki Harald, wanda ake wa laƙabi da Mai Shuɗin Haƙori, ya kafa wani ƙaton dutse a Jelling, ya sa aka rubuta a jikinsa da tsohon rubutunsu na gargajiya cewa shi ne ya mallaki Denmak duka da Norwe, shi ne kuma ya mayar da mutanen Denmak Kirista. Maganar sarki ce, kuma mun san yadda sarakuna ke faɗaɗa magana. Amma shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, wajen 1075, wani malamin Jamus, Adam na Bremen, ya ƙidaya coci 300 a Skåne, 150 a tsibirin Sjælland, 100 a tsibirin Fyn. Kusan dukkansu na katako ne.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai kai zamaninmu a tsaye ba. Abin da ya saura shi ne ramukan ginshiƙai da masu haƙa ke tararwa a ƙarƙashin daɓen coci-cocin dutse, sai kuma 'yan guntayen katako. A 1887, ana gyaran cocin Hørning kusa da garin Randers, aka tsinci gungumen da aka cusa cikin bango don cike gurbi. A jikinsa an sassaƙa maciji yana nannaɗe, irin adon mayaƙan ruwan nan da ake kira Bikin, har da sauran fenti. Da aka ƙirga zoben shekaru da ke cikin itacen sai aka gano an sare shi wajen 1060 zuwa 1070. Da aka haƙa ƙarƙashin cocin kuma, sai ga alamun cocin katakon, a ƙarƙashinsa kuma kabarin wata mace mai daraja wadda aka binne bisa al'adar da. Wato an baje tudun kabarinta aka ɗora sabon ɗakin ibada a kansa. Mu dai a ganinmu, da wuya baƙo ya yi haka a ƙasar da ba tasa ba. Ya fi kama da aikin iyalin da suka sauya addini amma ba su yarda su bar kakarsu a waje ba.

To me ya kawo sauyi daga katako zuwa dutse? Abu na farko tsari ne. A 1103 ko 1104 Paparoma ya ba ƙasashen arewa nasu akbishop a birnin Lund, suka fita daga ƙarƙashin Jamusawa. Na biyu kuɗi ne. An daɗe ana so a ɗora wa manoma ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, su kuwa suna turjewa. Sarki Knud, wanda ya matsa wa jama'a da tara da haraji, talakawansa sun tayar masa, suka bi shi har cikin cocin katako na Alban a Odense suka kashe shi a gaban bagade a 1086. Daga baya an sa shi cikin waliyyai, kuma a farkon ƙarni na 12 ushirin ya zauna. A ƙa'ida kashi uku ake yi masa: na limamin coci, na ginin cocin kansa, da na bishop. Kason bishop ya sha gardama shekara da shekaru, amma kason gini shi ne ya ba kowane ƙauye asusu na dindindin wanda ke cika duk kaka.

Abin da ƙasa ta bayar

Denmak shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, in ka cire tsibirin Bornholm ba ta da tsaunin da za a fasa. Sai dai dubban shekaru da suka wuce, a zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, ƙanƙarar ta turo manyan duwatsu daga Norwe da Suwidin ta watsar da su cikin filaye. Manomi ya san su sarai, su ne masu karya masa garma. Waɗannan duwatsu na giranit, masu taurin tsiya, su aka tattaro. A yankin Jutland musamman, masassaƙa sun fasa su, suka daddatse fuskarsu da guduma mai tsini har ta yi sumul, suka daidaita kusurwa huɗu, suka bar bayan dutsen yadda Allah ya yi shi. Bango biyu ake tayarwa, na waje da na ciki, a cike tsakaninsu da tsakuwa da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa. Kowane dutse da launinsa, wani ja, wani toka-toka, wani baƙi, saboda kowanne daga wani tsauni daban ƙanƙara ta ɗebo shi. Ɗaruruwan coci aka gina haka a Jutland, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai fasa dutse yana aiki da hannu ya san irin kwanakin da guda ɗaya zai ci.

Inda aka sami abin da ya fi sauƙi, an yi amfani da shi. A gabashin Jutland da Sjælland akwai wani dutse mai ramuka kamar soso da ke taruwa a bakin maɓuɓɓugar ruwa. Yana da laushi in an haƙo shi, har zarto na yanka shi, in ya sha iska sai ya taurare. Da shi aka gina cocin Jelling wajen 1100. A gaɓar Stevns an yanko farin dutsen alli daga jikin gaɓar teku. A wajen Ribe kuwa, inda fadama ta fi yawa, jiragen ruwa ne suka riƙa kawo dutse tun daga kogin Rhine na Jamus. Sannan wajen 1160, zamanin Sarki Valdemar Babba, fasahar gasa jan bulo ta iso daga kudu. An fara da manyan gine-gine irin cocin Ringsted da aka keɓe a 1170 da gidan sufaye na Sorø, kafin abin ya gangaro ƙauye. Akwai cocin da wannan sauyi ya riske shi ana tsakiyar gininsa: a Bjernede an fara da giranit daga ƙasa, da aka kai wani tsayi sai aka ƙarasa da bulo, kuma layin yana nan kowa na gani.

Fasalin ginin kusan ɗaya ne ko'ina. Dogon ɗaki na jama'a, sai ƙaramin ɗaki daga gabas inda limami da bagade suke, wani lokaci kuma a ƙara wani lungu mai rabin da'ira a ƙarshen gabas, mai fitowa daga bango kamar mihrabi. Ƙofa biyu ce, ta kudu ta maza, ta arewa ta mata. Tagogi ƙanana ne, can sama, masu kai zagaye. Silin na katako ne a miƙe, rufi kuma sau da yawa na darma. Babu kujeru sai dakali a jikin bango don tsofaffi da marasa ƙarfi. Sauran jama'a a tsaye suke sauraron addu'a cikin Latin, harshen da ba sa ji. Kusa da ƙofa ko a tsakiyar ɗaki akwai kaskon baftisma, wanda aka fafe daga dutse guda kamar ƙaton turmi, mai zurfin da za a iya tsoma jariri ɗungurungum. A gabashin Jutland an fi yi musu adon zakoki, zakokin da masassaƙan ba su taɓa gani ba, shi ya sa wasu suka fi kama da karnuka masu geza. Waɗannan kasake sun fi komai daɗewa. Ko inda aka rushe coci aka sake gini, galibi kaskon na asali ne.

Wa ya gina?

An daɗe a Denmak ana son a ce manoma ne suka haɗa kai, kowa ya kawo dutsensa da sansa, suka tayar da ɗakin ibadarsu. Labari ne mai daɗi, ya kuma dace da yadda mutanen ƙasar ke son kallon kansu. Amma 'yar shaidar da ke akwai ta fi nuna masu ƙasa da dukiya. A Bjernede ɗin nan akwai rubutu a kan dutse da ke cewa Ebbe ɗan Skjalm da matarsa Ragnhild ne suka fara gina coci a wurin, ɗansu Sune kuma ya mayar da shi na dutse. A Lisbjerg kusa da Aarhus, haƙar da aka yi ta nuna cocin yana zaune ne a tsakiyar katangar gidan wani babban mutum na ƙarshen zamanin Bikin. Daga wannan coci ne aka samo bagaden nan na tagulla mai ruwan zinariya da aka yi wajen 1135, wanda ke gidan tarihi na ƙasa a Kopenhagen. Irinsa na cocin Sahl yana nan a inda aka kafa shi tun farko. Ba kuɗin karo-karon talakawa ke sayen irin wannan ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne Fjenneslev a Sjælland, cocin gidan su Absalon kansa, wanda ya sa Saxo rubutu. Ana danganta gininsa ga ubansa, Asser Rig, wajen 1130. A bangon ciki an zana mutum yana miƙa ɗan ƙaramin coci zuwa sama, matarsa na biye da shi da tata kyautar. Daga yamma kuma akwai wani bene inda mai gida da iyalinsa ke zama suna kallon ibada daga sama, talakawa na ƙasa. Cocin yana da hasumiya biyu, kuma a nan ne baki ya shigo da nasa. Wai Asser zai tafi yaƙi matarsa na da ciki, ya ce in ta haifi namiji ta gina hasumiya, in mace ce ta yi ɗan tsini kawai. Da ya dawo sai ya hango hasumiya biyu, tagwaye ke nan, Absalon da Esbern. Mawaƙin ƙasar Oehlenschläger ya mayar da labarin waƙa a ƙarni na 19, ya ƙara masa farin jini. Matsalar ita ce Absalon da Esbern ba tagwaye ba ne, hasumiyoyin kuma na bulo ne, an ɗora su bayan Asser ya daɗe a kabari. Marubutanmu masu son gina labari a kan tarihi sai su lura: waƙar ta fi gaskiyar yaɗuwa.

Duk da haka ba mu ce a kori manomi daga labarin ba. Mai gida na iya ɗauko gwanin magini daga nesa ya biya shi, amma wani ne ya tono dutsen daga gona, wani ya ja shi da shanu, wani ya ƙona farar ƙasa, ushirin kuma daga rumbun kowa ya fito. Abin da ya fi wannan, cocin bai zauna a hannun mai gida ba har abada. Sannu a hankali dokar coci ta rage ikon masu ƙasa a kan ginin, asusun gyara ya koma hannun wakilai da ake zaɓa daga cikin manoman gundumar. Annobar da ta shigo a 1349 zuwa 1350 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, wasu ƙauyuka suka zama kufai, coci-cocinsu suka rushe. Da ƙasa ta farfaɗo a ƙarni na 15, sai aka shiga zagaye na biyu na gini, kuma wannan karon hannun jama'ar gari ya fi bayyana.

A wannan lokaci ne, daga wajen 1400 zuwa 1550, cocin ƙauye ya sami kamannin da ake gani a hotuna. An cire silin na katako aka ɗaura rufin bulo mai bakan gizo. An ɗora hasumiya daga yamma don ƙararrawa, aka yi wa kanta ado hawa-hawa kamar matakala. An gina zaure a bakin ƙofa, wanda sunansa a harshensu ke nufin ɗakin makamai, wai don a nan maza ke ajiye takobi da gatari kafin su shiga, ko da yake an fi amfani da shi wajen fara hidimar baftisma da ta aure. Saboda ginin ya zama gauraye, dutse nan bulo can, sai aka riƙa shafe shi da farar ƙasa. Ke nan farin cocin nan mai jan rufi da baƙi ke ɗauka hoto aikin hannu da yawa ne, tamkar littafin da kowane magaji ya ƙara masa babi.

Tsibirin Bornholm ya bi tasa hanyar. A can akwai coci huɗu masu zagaye kamar rumbu, Østerlars da Nylars da Olsker da Nyker, masu kaurin bango da ginshiƙi guda a tsakiya da bene a sama. Wasu masana na ganin mafaka ce daga 'yan fashin teku, wasu na ganin benen ma'ajiyar kaya ce. Uku kacal irinsu suka saura a sauran ƙasar, Bjernede na cikinsu.

Rufin bakan gizo ya ba masu zane fili, kuma a nan ne muka fi jin muryar ƙauye. Coci wajen 600 a Denmak suna da zanen bango da ake iya gani a yau. A tsibirin Møn wani gwani da ba a san sunansa ba, ana dai kiransa gwanin Elmelunde, ya cika rufin coci uku da zane a ƙarshen ƙarni na 15: Elmelunde da Keldby da Fanefjord. Ya zana halittar duniya da Adamu da Hauwa'u da ranar hisabi, amma mutanensa manoman Møn ne, da tufafinsu da kayan aikinsu da idanunsu masu kama da na mai jin barci. Ya zana matalauci da mawadaci suna addu'a, tunanin matalauci na miƙewa zuwa ga Almasihu, na mawadaci na karkata zuwa ga akwatunansa da tufafinsa. A wasu coci-cocin an zana shaiɗan yana taya mace kaɗa nono, saboda imanin da aka yi cewa mayu na sace albarkar shanun maƙwabta. A Fanefjord kuwa ga mata biyu zaune sun haɗa kai suna gulma ana tsakiyar ibada, wani shaiɗan mai suna Tutivillus na tsaye kusa da su da alƙalami yana rubuta duk abin da suka faɗa, don a karanta musu ranar gobe. Abin dariya, mun shiga ƙauyukan nan muna neman wanda ya rubuta maganar talaka, ga shi wanda muka samu.

A 1536 Sarki Christian na Uku ya raba ƙasar da Paparoma ya bi koyarwar Martin Luther, ɗarikar da 'yan mishan na Denmak suka kawo Numan a 1913. Wa'azi ya koma harshen jama'a, an buga Littafi Mai Tsarki da harshen Denmak a 1550. Tun da yanzu sauraro da karatu ne kan gaba, aka kafa mumbari, aka jera bencina, aka faɗaɗa tagogi don haske, aka toshe ƙofar mata a wurare da yawa. Har yau ana ganin shacinta a bangon arewa. Ba a shafe zanen nan take ba, kamar yadda wasu ke zato. Sai a ƙarni na 17 da na 18, da aka fara ganinsu a matsayin kayan ƙauyanci, aka bi su da farar ƙasa, kuma farar ƙasar nan ita ta adana su. A ƙarni na 19 aka fara kankarewa, wani lokaci da gaggawar da ta yi ɓarna. Zanen Jelling, wanda yana cikin mafi tsufa a ƙasar, an gano shi a 1874, aka kwafe shi, aka sake zana shi sabo, na asalin ya tafi. Na Fanefjord ya yi sa'a bai fito ba sai wajen 1930, lokacin da masu gyara suka koyi haƙuri.

A 1933 gidan tarihi na ƙasa ya fara buga wani kundi mai suna Danmarks Kirker, da niyyar bayyana kowane coci ɗaya bayan ɗaya, daga harsashi zuwa ƙararrawa, tare da duk wata takardar asusu da ta tsira. An shafe fiye da shekara 80 ana wannan aiki, waɗanda suka fara shi duk sun mutu sun bar wa wasu.

Wasu gine-ginen ba su jira masu rubutu ba. A Skagen, can ƙarshen arewa, rairayi ya yi ta binne cocin garin har jama'a suka gaji da haƙe ƙofa duk ranar ibada. Aka rufe shi a 1795, hasumiyar kaɗai aka bari ta zama alama ga matuƙa jirgin ruwa. A Højerup, bisa gaɓar Stevns, mutanen ƙauyen na cewa duk daren Kirsimeti cocinsu na matsawa taku ɗaya na zakara daga bakin teku. Takun bai isa ba: ranar 16 ga Maris 1928 ɗakin gabas ya rufta cikin ruwa tare da wani ɓangare na maƙabarta. Sai kuma Mårup a gaɓar yammacin Jutland, wanda aka gina wajen 1250 nesa da ruwa, teku ta yi ta cin ƙasa har ta iso gindinsa. A 2008 aka cire rufinsa aka rage tsawon bangon, masana na biye da ma'aikata suna duba yadda aka ɗora kowane sahu, a 2015 kuma aka kwashe abin da ya saura.